Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Finafinan Hausa Kan Abubuwan Da Ke Raba Hankalin Mai Kallo a Waya

Zuwa ga furodusoshi, daraktoci, masu tace hoto da sauti, da shugabannin ƙungiyoyin masana'antar Kannywood,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ku da iyalanku, ina rubuto wannan wasiƙa daga birnin Sakkwato a madadin wasu 'yan'uwana malamai da ke koyar da harshe da adabin Hausa a makarantun sakandare, da kuma iyaye maza da mata na unguwarmu waɗanda muka sha tattauna wannan magana da su. Dukkanmu masu kallon ayyukanku ne, kuma kusan dukkanmu a waya muke kallo, domin ita ce ke hannun kowa, ko da wuta ko babu. Abin da ya sa muka ga dacewar yin magana a bainar jama'a shi ne yadda fuskar finafinan Hausa, musamman masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, take ƙara cika da tallace-tallace da lambobin waya da tambura, har ta kai mai kallo ba ya iya tsayar da hankalinsa a kan labarin da ya zo dominsa, kuma har yanzu ba mu ji wani daga cikin masu faɗa a ji a masana'antar ya ɗauki wannan a matsayin matsalar da ke buƙatar gyara ba.

Ba mu jahilci halin da kuke ciki ba. Mun ga zamanin kaset, mun ga zamanin faifan CD, kuma a gaban idonmu satar fasaha da shagunan tura finafinai a memori suka durƙusar da kasuwar da a da take mayar wa furodusa kuɗinsa. Mun san cewa abin da ake samu daga kallon 'yan Najeriya a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin kayan aiki da sallamar 'yan wasa da man janareta, don haka karɓar talla daga hannun 'yan kasuwa ya zama dole ga wanda yake son shirinsa ya ci gaba da fita duk mako. Saboda haka ba mu zo da neman a daina talla ba. Maganarmu a kan inda ake sanya tallar ne da yadda ake sanya ta, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin in kawo koke-kokenmu, ina roƙonku ku dubi mutumin da kuke shirya wa fim a yau, domin ya bambanta da wanda aka saba shirya wa a da. Wanda ya shiga gidan silima yana zaune ne a cikin duhu, hoto ya cika masa ido, babu abin da ke gabansa sai labarin. Wanda ya kunna talabijin a falo ma yana da tazara da natsuwa daidai gwargwado. Mai kallonku na yanzu kuwa yana riƙe da allon da tsawonsa bai wuce inci 6 ko kusa da haka ba, kuma a kan wannan allon ne kira ke shigowa, saƙon WhatsApp ke faɗowa daga sama, sanarwar Facebook da TikTok ke leƙowa, ga gargaɗin caji ya kusa ƙarewa. A nan Sakkwato za ku same shi ɗan kabu-kabu ne da ya jingina babur a inuwar dogon yaro wajen Gawon Nama, kunne ɗaya a fim, ɗaya yana jiran mai kira. Za ku same ta matar aure ce a tsakar gida da dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana kuma ɗaki ba ya shiguwa sai tsakar dare, yara na kwance a tabarma a gefenta, janaretan maƙwabta na ruri.

Masana sun auna irin ɓarnar da wannan yanayi ke yi wa hankali. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida ta Amurka sun ba ɗalibai wani aiki mai buƙatar natsuwa, suka riƙa kiran wayoyin wasunsu ko tura musu saƙo ana cikin aikin, sai aka tarar waɗanda wayarsu ta yi ƙara sun fi tafka kurakurai duk da cewa ba su ɗauki wayar ba. Jin ƙarar kaɗai ya isa ya janye wani kaso na tunanin mutum zuwa ga tambayar wane ne, kuma me yake so. Wannan ɓangaren ba laifinku ba ne, kuma mu ma muna yin namu ƙoƙarin, domin muna gaya wa ɗalibanmu da 'ya'yanmu su sauke shirin tukuna, su kashe data, sannan su zauna su kalla. Abin da ke ba mu takaici shi ne, bayan yaro ya bi wannan shawarar ya rufe duk ƙofofin da ke shigo masa da hayaniya daga waje, sai ya tarar an riga an dasa masa wata hayaniyar a cikin hoton kansa, wadda babu maɓallin da zai danna ya kashe ta.

Babban kokenmu shi ne rubutun nan mai gudu a ƙasan hoto. A wasu shirye-shiryen ba ya tsayawa tun daga farko har ƙarshe: sunan shago, jerin cututtukan da magani ke warkarwa, lambar waya biyu ko uku, adireshin reshe na Kano da na Kaduna da na Abuja, ya ƙare ya sake dawowa. A sama ta dama akwai tambarin tasha, ta hagu akwai na mai ɗaukar nauyi, wani lokaci yana juyawa ko yana ƙyalli, sannan can sai alamar ƙararrawa ta ɓullo tana neman a danna ta. A babban allon talabijin waɗannan abubuwa suna zama a gefe, amma a waya babu gefe, domin ido ɗaya ke ɗaukar allon gaba ɗaya, kuma abin da ya rage wa fuskar jarumi bai fi faɗin yatsu uku ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai mai kallo yana iya kawar da kai daga rubutun. Halittar idon ɗan Adam ba ta yarda da haka ba, domin duk abin da ke motsi a gefen gani yana jan ido ba tare da neman izini ba, kuma wanda ya iya karatu ba ya iya ganin rubutu ya ƙi karantawa. Masu bincike a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun bi motsin idon masu kallo da na'ura, suka ga cewa mutane suna karanta rubutun ƙasan fim ko da suna jin harshen da ake magana da shi sarai. A Jami'ar Jihar Kansas kuma, a 2005, an nuna wa mutane labaran talabijin iri ɗaya, wasu da rubutu mai gudu a ƙasa, wasu babu, sai waɗanda aka cika wa allo suka kasa tuna bayanan labarin kamar yadda sauran suka tuna. Akwai ma wani gwaji da ya shahara tun 1999, wanda Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi a Jami'ar Harvard, inda aka ce wa mutane su ƙirga sau nawa wasu 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo a wani ɗan bidiyo. Ana cikin haka wani mutum sanye da rigar goggon biri ya ratsa tsakiyarsu, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Idan hankalin da ke kan ƙirga ƙwallo zai iya makancewa daga goggon biri, to hankalin da ke bin lambar waya a ƙasan allo ba zai ga ƙwallar da ta taru a idon jaruma ba, ba kuma zai ga hararar da uwar miji ta yi ba, wadda a kanta ne marubuci ya gina kashi uku masu zuwa. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Mahaifiyata, wadda ba ta yi karatun boko ba, tana son wani shiri mai dogon zango, kuma jikarta ce ke riƙe mata waya bayan sallar isha'i. Wani dare aka zo fitowar da ake sanar da wata uwa rasuwar ɗanta, 'yar wasan ta yi aikinta yadda ya kamata, ta zame ta zauna a ƙasa, bakinta na rawa, ta kasa ko salati. A daidai wannan lokacin wani jan rubutu mai ruwan ɗorawa a gefe yana ta wucewa a ƙasan ƙafafunta yana tallar turaren wuta da humra. Inna ta kai yatsa kan gilashin wayar ta ce, "Wanga abu da ka gudu ƙasa, mi an nashi cikin mutuwag ga?" Kafin yarinyar ta gama yi mata bayani fitowar ta wuce, sai da aka ja baya, kuma a karo na biyu abin bai taɓa zuciyar kowa ba. An kashe kuɗi, an ɓata yini ana ɗaukar wannan fitowa, 'yar wasa ta zubar da hawaye, amma mai tace hoto ya rushe aikin duka da layi guda na talla.

Koke na biyu shi ne wurin da ake yanke labari a sa talla. Tun 2020 YouTube ya ba masu tasha damar sanya talla a tsakiyar duk bidiyon da ya kai minti 8, kuma ya ba su zaɓin su nuna da kansu daidai inda tallar za ta faɗo. Da yawa ba sa amfani da wannan zaɓin. Bayan wannan kuma akwai tallar da ku da kanku kuke ɗinkawa a cikin shirin, wadda ba ta tsallakuwa sai da jan yatsa, kuma sau da yawa ana dasa ta ne a tsakiyar zance, alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci sai ga mai sayar da filaye. Idan iri biyun suka haɗu, mai kallo na iya fuskantar yankewa bayan kowane 'yan mintuna. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, a waya kowace yankewa ƙofar fita ce, domin da zarar talla ta shigo yatsa na zarcewa ya duba saƙo, daga saƙo a faɗa wani bidiyo, kuma wanda ya dawo, idan ya dawo, yakan dawo ne da rabin hankalinsa. Ko mai ba da tatsuniya a dandali ya san ba a tsayawa a sha ruwa lokacin da kura ta buɗe baki za ta kama Gizo, sai an kai gaɓa.

Mu malamai muna ganin sakamakon a aji. Wasan kwaikwayo yana cikin abin da muke koyarwa, kuma mukan yi amfani da finafinanku domin yara su gane jigo da zubi da tsari da halayen taurari a cikin abin da suka saba gani. Na taɓa ba ɗalibaina aikin gida su kalli kashi ɗaya na wani shiri su rubuto dalilin da ya sa matar gidan ta yi yaji. Amsoshin da suka dawo sun kasu gida-gida, wasu suka ce kishiya ce, wasu suka ce kuɗin cefane ne, alhali an faɗi dalilin ƙarara a wata gajeriyar magana tsakanin matar da ƙanwarta, maganar da aka raba gida biyu da talla. Da na tambayi sunan maganin da aka tallata a shirin kuwa, ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya, har da masu rera waƙar tallar. Kullum a hirarrakinku kuna cewa manufar sana'arku ita ce faɗakarwa da ilimantarwa da nishaɗantarwa, kuma mun yarda da ku, amma faɗakarwa ba ta shiga sai ta hanyar hankalin da ya tsaya wuri ɗaya.

Sai maganar sauti. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya rarrabe murya da kiɗa idan an haɗa su da ƙarfi ɗaya, don haka kiɗan da aka shimfiɗa a ƙarƙashin zance yakan danne maganar, mai kallo ya ƙara murya har ƙarshe yana kasa kunne. Yana cikin haka sai talla ta faɗo da ƙarar da ta ninka ta fim ɗin, jariri ya farka, wanda ya sa abin ji a kunne ya fizge shi da sauri. Haka nan fitowar dare da ake ɗauka da ƙarancin haske ba ta ganuwa ga mai kallo a waje da rana, sai dai ya ga fuskarsa a gilashi. Fassarar Turanci da ake liƙawa a jikin hoto kuma, wadda Bahaushe ba ya buƙata amma idonsa ba ya barinta, takan hau kan rubutun talla su cakuɗe, ba a karanta wannan ba, ba a karanta wancan ba.

Akwai abin da iyaye mata suka dage sai na faɗa, kuma suna da gaskiya. A gidaje da yawa waya ɗaya ake taruwa a kai, uwa da 'ya'ya, wani lokaci har da suruka. Idan aka yanke labarin iyali aka sako tallar maganin da ya shafi sirrin ma'aurata, da kalmomin da ba a furta su a gaban yara a al'adarmu, uwa takan kife wayar ko ta kori yaran, kuma daga nan kallon ya watse, kowa ya tashi da kunya. Dokar ƙasa ta tanadi cewa tallar magani sai da amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta wajabta tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Ko babu doka, mutuncin gidajen da suka buɗe muku ƙofa ya isa dalili.

Game da tsawon shimfiɗa kafin a shiga labari, wato jerin tallace-tallace da gaishe-gaishe da maimaita abin da ya faru a makon jiya, abin da za mu tunatar da ku kawai shi ne data kuɗi ce, kuma tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Ɗalibin da ya tara kuɗin tara ya sayi data, ko ya hana idonsa barci don ya sauke shiri da rahusar tsakar dare, bai cancanci a cinye masa kaso mai yawa a kan abin da bai nema ba. Irin wannan ne ke koya wa mutane kallo da yatsa a kan allo, ana ja ana tsallakewa, har ta zama ɗabi'a, a tsallake talla a haɗa da labarin.

Saboda haka muna gabatar muku da waɗannan buƙatu kai tsaye. Muna roƙon a cire rubutu mai gudu daga kan hoto muddin ana cikin labari, a mayar da lambobin waya da adireshi zuwa cikin tallar kanta da kuma wurin bayani da ke ƙarƙashin bidiyo, inda mai bukata zai same su a tsaye ya kwafa cikin natsuwa, wanda hakan ya fi wa ɗan kasuwar ma amfani. Tambarin tasha ya zama guda ɗaya, ƙarami, marar motsi. Muna roƙon a tara tallace-tallace a wurare ƙalilan da aka sani, a farko da tsakiya da ƙarshe, kuma darakta ko marubuci ne zai nuna gaɓar da za a yanke tun a rubutun labari, yadda ba za a sake katse magana a bakin mai yin ta ba. Wanda ke ɗora shiri a tasha ya ɗauki 'yan mintuna ya zaɓi wuraren tallar YouTube da hannunsa, ya kuma rubuta lokutan da kowane ɓangare ya fara domin wanda kira ya katse ya san inda zai koma.

Muna roƙon masu tace sauti su daidaita ƙarar talla da ta fim, su sassauta kiɗa a ƙarƙashin zance, kuma kafin a saki kowane kashi wani daga cikin ma'aikata ya kalle shi daga farko zuwa ƙarshe a ƙaramar waya mai araha, a waje, da lasifikarta, domin a haka mafi yawan jama'arku za su gan shi. Fassarar Turanci a sanya ta a tsarin da mai so zai kunna, marar so ya kashe. Tallar da ba ta dace da idon yara ba a nisanta ta daga shirin da aka san iyali ke kallo, kuma a nemi shaidar amincewar hukuma daga mai magani kafin a karɓi kuɗinsa.

Ga shugabannin ƙungiyoyi, musamman ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin furodusoshi da daraktoci, buƙatarmu ita ce ku zauna ku fitar da rubutacciyar ƙa'ida a kan adadin talla da wurin sanya ta a shirye-shiryen intanet, wadda za ta hau kan kowa. Mun san furodusa ɗaya ba zai iya ƙin sharaɗin mai talla shi kaɗai ba, domin mai tallar zai ɗauki kuɗinsa ya kai wa na gaba, amma idan ƙa'idar ta zama ta masana'anta baki ɗaya babu inda zai kai. Mun fi son gyaran ya fito daga gare ku da a jira sai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ko ta tarayya ta shigo da nata sharuɗɗan. Idan kuka kira taron jin ra'ayin masu kallo kafin ku rubuta ƙa'idar, muna roƙon kada a tsaya a Kano kaɗai, a zo Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi, kuma mu malamai a shirye muke mu kawo ɗalibai da iyayensu su faɗi abin da suke gani da bakinsu.

Allah Ya ƙara wa sana'arku albarka, Ya yi muku jagora. Muna sauraron amsarku.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malamin Hausa, a madadin 'yan'uwansa malamai da iyaye,
Sakkwato.